MADUGU UBAN TAFIYA: DAGA AYARIN GWANJA ZUWA SHATAR BAS

Waɗanda ba su samu damar sauraron shirin wannan mako ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba kawo muku.

Yau maganar shata za mu yi. Ba Alhaji Mamman Shata ba, Allah Ya jiƙansa. Shatar mota nake nufi, wato jama'a su haɗa kuɗi su ɗauki bas guda da direbanta, ta kai su biki, ko ta'aziyya, ko ziyara, ko musabaƙa, ta kuma dawo da su. Kalmar aro ce daga Turanci, amma abin da take nufi ya girme ta nesa ba kusa ba. Kafin a ƙera mota ta farko a duniya, kakanninmu suna haɗuwa su damƙa rayukansu da dukiyarsu a hannun mutum guda wanda ya san hanya. To wannan mutumin nake so mu bi sawunsa yau, daga zamanin jakuna har zuwa zamanin Homa.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Shekaru biyu da suka wuce aka ɗaura auren 'yar yayata a nan Kano, mijin kuma a Kontagora yake zaune. Aka yi taron dangi aka ce ni zan nemo motar kai amarya, tunda wai ni ne ɗan boko mai waya a hannu. Mutum goma sha bakwai za su tafi, goma sha huɗu mata, ciki har da Gwaggo wadda ta haura saba'in, ga kayan gara, ga kwallaye, ga ƙullin nan da ƙullin can. Na tafi wata tasha da ke kan titin Zariya, na samu direbobi biyu. Na farko matashi ne, motarsa sai sheƙi take yi, ya duba taswirar waya ya ce mini ta Birnin Gwari za mu yanke, kafin la'asar mun isa. Na biyu dattijo ne, motarsa ta sha jiki, kuɗin da ya yanka kuma ya kusa ninka na yaron. Na ce, "Baba, wannan kuɗi ai ya yi yawa." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ni ba ta nan nake bi ba. Ta Minna zan zagaya da ku, kuma a can za mu kwana. In kana sauri, ga yaro can."

Zan dawo kan yadda muka ƙare da shi. Amma a daren nan da na koma gida ina lissafi, sai na tuna cewa wannan ciniki da na yi tsaye a tasha, an yi irinsa a Kano shekara ɗari biyu da suka wuce, kuma kusan a kan wannan hanyar ta yamma.

A ƙarni na 19, babbar tafiyar Bahaushe ita ce fataucin goro zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yau, inda kasuwar Salaga take. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, a kurmin Asante yake fitowa, mu kuma ba a ɗaurin aure ko suna sai da shi. Saboda haka Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe wannan sana'a. Su ɗauki kanwa, da tufafin rini, da fatu, da gabu, da dabbobi, su nufi yamma. Su ƙetare Kwara a wajajen Yawuri ko Busa, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, wasu su bi ta Sansanin Mango da Yandi, har su sauka Salaga. Zuwa kaɗai watanni ne. Zuwa da dawowa, mutum yana iya cin mafi yawan shekara bai ga iyalinsa ba.

Wannan hanya ba a bin ta a ɗaiɗaiku. Wani Baturen Ingila mai suna Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama a 1826, suna dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanen cikinsa maza da mata sun haura dubu, dabbobin dako ma kamar haka. Ku kwatanta wannan a ranku. Gari guda ne yake tafiya. Kuma kada mu yi wa tarihi kwalliya: da yawa daga masu ɗaukar kayan nan a ka bayi ne, ba su zaɓi tafiyar ba, ba su kuma da rabo a ribar.

To wa ke jan wannan taro? Madugu. Shi ya sa har gobe ake cewa madugu uban tafiya. Shi ke tsayar da ranar tashi. Shi ke cewa a wannan zango za a kwana, wancan kuwa ko an gaji sai an wuce shi. Shi ke shiga gaban sarakunan hanya ya yi cinikin kuɗin da ayari zai biya kafin a bar shi ya wuce. Shi ya san mashigin da ake ƙetarewa da ƙafa da wanda sai an nemi masu fito, ya san dajin da 'yan fashi ke kwanto, ya san garin da ake yaƙi bana. In rigima ta tashi tsakanin fatake, shi ne alƙali.

Amma ga abin da nake so ku riƙe, don za mu buƙace shi nan gaba. Madugu ba shi kaɗai yake aikin ba. Akwai jagaba, wanda ke gaba yana duba hanya. Akwai uban dawaki, wanda ke tattara kuɗin da aka yanka wa kowane falke gwargwadon kayansa. Akwai malamin ayari, mai rubutu da lissafi da addu'a da duba ranar tashi. A kowane babban zango kuma akwai fatoma ko maigida, ɗan gari wanda zai sauke baƙi, ya ajiye musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma faɗa musu labarin abin da ke gaba. Wato an rarraba nauyin. Sannan shi madugun kansa yana da kaya a cikin ayarin. In aka yi asara, da shi aka yi. Sunansa kuma shi ne jarinsa: madugun da ya kai mutane ga halaka sau ɗaya, baɗi ba mai bin sa.

Wannan tsari ya bar mana gado. Duk unguwar da kuka ji ana kira Zango a Kumasi ko Ankara ko wani gari na Ghana da Togo da Benin, asalin sunan daga masaukin ayari ne.

Me ya kashe ayarin Gwanja? Abubuwa ne suka taru. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan hanyar goro ya yi rauni. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, 'yan kasuwa suka watse. Sai kuma babbar guduma: a 1911 layin dogo ya iso Kano. Daga nan goro ya canja hanya. A ɗora shi a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko, a zuba shi a jirgin ƙasa, cikin 'yan kwanaki yana Kano. Alhassan Ɗantata, wanda shi ma daga gidan fataucin Agalawa ya fito, yana cikin waɗanda suka fara gane wannan sabuwar hanya suka ci moriyarta. Jaki ba zai yi tsere da jirgi ba.

Sai dai jirgin ƙasa inda aka shimfiɗa masa ƙarfe kawai yake zuwa. Bai san ƙauyenku ba. Wannan giɓi mota ce ta cike shi. Tun daga shekarun 1920 manyan motoci masu bodin katako suka fara ɗauko gyaɗa da auduga da fatu daga ƙauyuka zuwa tashar jirgi, mutane kuma a saman kaya. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, sojojinmu da suka dawo daga Bama da sauran fagagen yaƙi, wasunsu sun dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci. A wancan zamani direba babban mutum ne. In gingimari ta tsaya a ƙauye, yara su kewaye ta, a kawo wa direba fura da kaza. Yana da yaransa masu sa wejin katako a bayan taya, su zuba ruwa a lagireto, su hau sama su ɗaure kaya. Su ne karen mota, waɗanda Ɗan Maraya Jos ya yi wa waƙar da ta yi suna. Yaro zai yi shekaru yana wannan bauta kafin a ba shi sitiyari, kuma a cikin shekarun nan ba tuƙi kaɗai yake koya ba. Hanya yake haddacewa: kwanar da ke cin mota, gadar da ruwa ke shafewa da damina, garin da ake samun bakanike, garin da ba a tsayawa.

Inda aka fi ganin shata da girmanta a wancan lokaci shi ne tafiyar Hajji ta ƙasa. A da, maniyyaci da ƙafa yake tafiya gabas, yana tsayawa yana noma ko ƙwadago don ya samu guzuri, tafiyar ta ci shekaru. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. A 1948 wasu attajiran Kano, Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta Afirka ta Yamma, wadda ake taƙaita sunanta da WAPA. Ku da kuke zuwa Wapa a Fagge canjin kuɗi, to daga nan sunan ya samo asali. Suka tanadi motoci. A tashi daga Kano a bi ta Maiduguri, a shiga Chadi ta birnin da ake kira Fort Lamy a lokacin, wato Njamena ta yau, a wuce Abeshe, a shiga Darfur, a ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, sannan a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Mafi yawan hanyar ba kwalta. Mota ta kafe a yashi, fasinjoji su sauko su tura. Abin da a da ke cin shekaru ya dawo watanni. Kun ga a nan direba ya gaji madugu sak. Shi ya san rijiya, shi ya san jami'an iyaka, shi ke cewa yau a nan za a kwana.

To yaushe ƙaramar bas ta shigo? Kamfanin Toyota na Japan ya fara ƙera HiAce a 1967, ita ce muka mayar Hayis. Shekarun 1970 kuma su ne suka sauya fuskar titin Najeriya. A ranar 2 ga Afrilun 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama. Kuɗin man fetur ya shigo, aka shimfiɗa tituna, albashi ya ƙaru. A 1975 kamfanin haɗa Fijo ya fara aiki a Kaduna, 504 mai dogon baya ta zama sarauniyar tasha. A cikin gari kuma ƙananan bas-bas da muke kira kiya-kiya suka cika titi. A 1978 aka kafa ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota ta ƙasa, NURTW, tasha ta samu shugabanni da layi da rasit da 'yan kamasho. A 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗura ta ƙasa, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, saboda yawan rayukan da titi ke ci ya kai inda ba a iya kawar da kai. Ita kuwa wannan mai faɗin goshi da muke kira Homa, samfurin Hayis ne da aka fara fitarwa a 2004.

Ƙaramar bas ta yi wa zumunci abin da gingimari ba ta yi ba. Gingimari ta fi ƙarfin gida guda. Amma mota mai cin mutum goma sha huɗu zuwa sha takwas, daidai take da dangi guda, ko ajin Islamiyya, ko ƙungiyar ƙwallon unguwa, ko 'yan zikiri masu zuwa Maulidi. Daga nan kai amarya garin da ke da nisan kilomita ɗari biyar ya zama abin da talaka ma zai iya. Mata da a da ba sa wuce kasuwar ƙauyen maƙwabta suka san Jos da Ilori. Wannan alheri ne, ba mai musu.

Amma a nan ne fa aka yi asarar da ba mu lura da ita ba. Ku tuna ayari: madugu, jagaba, uban dawaki, malami, fatoma. Mutum biyar, aiki biyar. Yau in mun ɗauki shata, duk wannan nauyi a kan mutum ɗaya muke jibga shi. Shi ne zai tuƙa, shi ne zai san hanya, shi ne zai yi magana a kowane shinge, shi ne bakanike in ta lalace, shi ne zai nemo inda za a yi sallah a ci abinci. In aka yi rashin sa'a ko yaron mota babu, don an sayar da kujerarsa.

Sannan ga wani bambanci da ya fi wannan. Madugu da kayansa a ayari, saboda haka lafiyar tafiya ita ce ribarsa. Direban yau kuwa sau da yawa motar ba tasa ba ce. Akwai mai mota da ke jiran balas. In kuwa biya-sannu aka ba shi, akwai ranar da dole ya kai kuɗi ko a karɓe makulli. Ga kuɗin tasha, ga na shingaye, ga mai, wanda tun da aka cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 farashinsa ya ninninka. To idan ka matse shi a ciniki har ya karɓi kuɗin da bai kai ba, a ina kake zaton zai fanshe? A hanya zai fanshe. Zai bi gajeriyar hanya ko da ba ta da lafiya, don ya rage shan mai. Zai taka mota fiye da kilomita 90 a awa da doka ta yanka wa bas a babban titi. Zai sauke ku ya juyo cikin dare ba barci, don gobe da asuba ya kama layi. Tayar da ya kamata ya canja a watan jiya, zai ce ta ƙara sati. Mu muna murna mun yi ciniki, alhali ragin da aka yi mana daga lafiyarmu aka yanko shi. Araha dai ba ta ado.

Kuma hanyar yau ta koma kama da ta zamanin ayari fiye da yadda muke so mu yarda. Akwai dazukan da ba a shiga bayan la'asar. Akwai garuruwan da jiya lafiya, yau ana zaman ɗar-ɗar. A watan Yunin 2025, wasu 'yan ɗaurin aure daga Zariya, a cikin bas guda, suka ɓata hanya a yankin Mangu ta jihar Filato, a daidai lokacin da yankin ke cikin tashin hankali. Aka far musu, aka kashe fiye da mutum goma. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Laifin kisa yana wuyan waɗanda suka yi kisan, wannan ba a tantama. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne kalmar nan, ɓatan hanya. Mun taso ana ce mana matambayi ba ya ɓata. Sai ga zamanin da tsayawa tambaya a wurin da ba a san ka ba yana iya zama ajali. Taswirar waya za ta nuna maka layi shuɗi ta ce awa shida. Ba za ta gaya maka abin da ya faru a ƙauyen can daren jiya ba.

To mu koma tasha, wurin Baba direba. Na ɗauke shi. Kuma kada in yi muku ƙarya, ba don hikimata ba ne. Tsoron abin da zan faɗa wa yayata nake yi in wani abu ya faru. Da na kawo lissafi gida sai da aka yi ƙaramin yaƙi. Gwaggo ta ce, "Kai yanzu saboda Allah, garin da ake zuwa a wuni shi ne za ka kwanar da amarya a hanya? A ina aka taɓa yi?" Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, hanyar lafiya a bi ta da shekara." Ta ce in riƙe karin maganata in kawo cikon kuɗi. Haka na cika daga aljihuna.

Tun kafin ranar tafiya Baba ya kafa mini sharuɗɗa. A rubuta sunan kowa da lambar wani nasa, a bar kwafi a tasha, a bar kwafi a gida. Mutum goma sha bakwai aka ce, kada ya ga na sha takwas da sunan "ai yarinya ce, a cinya za ta zauna." Kayan gara masu nauyi a aika da su daban. Kuɗin mai da na shinge da na kwanansa duk a faɗe su tun yanzu, a ba shi kafin alƙalami, kada a zo tsakiyar daji ana musu. Sannan ya ce, "Mutum ɗaya nake so ya riƙa magana da ni. In kowa ya zama mai ba da umarni, sai mu kwana a titi." Ina jin haka na ce a raina, ikon Allah, wannan ai uban dawaki yake naɗa ni.

Muka tashi bayan sallar asuba. Zariya, Kaduna, muka ɗauki titin Abuja, muka karya ta Dikko, muka bi Lambata zuwa Minna. Duk tsayawar da muka yi, sai na ga Baba ya koma gefe da 'yar ƙaramar wayarsa mai madannai. Ashe direbobin da suka fito daga inda za mu yake kira. "Ya hanya? Kun wuce wuri kaza? Akwai jami'ai?" Waɗannan su ne jagabansa. Mun shiga Minna rana ba ta faɗi ba, wasu suka fara guna-guni cewa ai da an daure da an ƙarasa. Baba ya kashe mota ya ce, "Hajiya, ku gafarce ni. Gaba akwai daji, ni kuma idona ya gaji. Ko za a ninka mini kuɗi ba zan shiga da 'ya'yan mutane yanzu ba." Muka kwana gidan wani ɗan'uwan ango, shi ne ya zama fatomanmu. Da safe ma bai tashi da wuri ba, sai da ya ji motocin farko sun fito daga Kontagora sun iso lafiya. Muka bi ta Zungeru, tsohuwar hedikwatar Lugga kafin a koma Kaduna, muka wuce Tegina, kafin azahar ana ta guɗa a ƙofar gidan ango.

Na san wasunku na jiran in ce daga baya mun ji an tare waccan hanyar a ranar. A'a. Ban ji komai ba. Wataƙila da mun bi yaron nan da mun isa lafiya kafin la'asar, da kuɗina a aljihu. Har yau in Gwaggo ta gan ni sai ta ce ga mai kwanar da amarya a hanya. Kuma ba ni da hujjar da zan nuna mata. Haka aikin madugu yake tun asali: in ya yi kyau, ba abin da ke faruwa, ba kuma labarin da za a bayar. Mutum goma sha bakwai suka tafi, aka bar ɗaya a ɗakinta, sha shida suka dawo. Shi ke nan.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, in za ka ɗauki shata, kada idonka ya tsaya a kan fentin mota. Tambayi direban, yaushe rabonka da wannan hanya? Wanda ya bi ta shekaranjiya ya fi wanda ya bi ta bara, ko da na baran ya fi shi iya tuƙi. Da ɗan gari akan ci gari. Ka ɗauke shi a tashar da aka san shi, inda in an nemi shi za a same shi. Ka duba tayoyi da safaya da idonka. Ka biya shi kuɗin da zai ishe shi ya kwana, don barcinsa naka ne. Ku naɗa mutum guda mai magana, ku nemi wanda zai tarbe ku a can. In kuma ya ce ba a shiga nan da dare, ku ji maganarsa, ko da biki zai fara ba ku.

Su kuma 'yan'uwanmu direbobi, na san da yawa kuna sauraronmu a tasha kuna jiran layi. Kujerar da kuke kai ta manyan mutane ce. Waɗanda suka riga ku sun kai ayari Gwanja, sun kai alhazai bakin Bahar Maliya. In ba ka san hanya ba, faɗi gaskiya, ka haɗa su da wanda ya sani. In barci ya zo, ka tsaya. Balas ana biyan sa gobe.

Baba direba, in wannan shiri ya iso gare ka, na gode. Har yanzu ina da lambarka, kuma akwai wani bikin bayan Sallah.

A nan za mu dakata. Allah Ya kiyaye hanyoyinmu, Ya kai matafiya gida lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka fita ba su dawo ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.